Yadda Za Ka Ƙwato Kuɗinka Daga Makarantar Tuƙin Jirgi Idan Malaminka Bai Cancanta Ba

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga ɗaliban tuƙin jirgin sama da iyayen da suka biya musu. An zuba kuɗi masu kauri, an yi wata da watanni ana tashi ana sauka, sai daga baya aka gano malamin da ke zama a kujerar dama ba shi da izinin koyar da abin da yake koyarwa, ko kuma izinin nasa ya mutu tuntuni. An je ofis neman kuɗi, an ce "mu ba ma mayarwa, je ka duba yarjejeniya." To daga ina ake farawa?

Kafin komai ka san cewa ƙofa biyu za ka ƙwanƙwasa, kuma kowace da abin da take bayarwa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ita ce za ta ce malamin nan ya cancanta ko bai cancanta ba, amma ba za ta karɓo maka ko sisi ba. Kuɗi kuwa ta hanyar yarjejeniya, banki ko kotu suke fitowa. Masu asara da yawa sun yi ta ne don sun zauna jiran hukuma ta biya su, har wa'adin banki da na kotu ya wuce. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka zan fi kafa misali da Amurka da Turai, inda ƙa'idojin suke a rubuce a fili.

1. Kwashe takardunka kafin ka buɗe baki

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi tsada. Da zarar makaranta ta ji ƙamshin rigima, abu na farko da kan faru shi ne a rufe maka shafinka na intanet inda ake ajiye jadawali da lissafin kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana shiga kana fita ana gaisawa da kai da fara'a, ka tattara waɗannan:

Littafin shawaginka, wanda ake rubuta kowane tashi da sa hannun malami. Ka ɗauki hoton kowane shafi, har da shafukan baya inda malamai ke rubuta izinin tashi kai kaɗai. Idan makaranta ce ke ajiye littafin, ka karɓe shi ka tafi da shi gida, naka ne. Sannan yarjejeniyar da ka sa wa hannu da duk wata takardar ƙa'idoji da ta ambata, rasit na kowane biya, bayanan banki, da jerin abin da aka cire daga asusunka a makaranta, tashi bayan tashi. Ka ɗauki hoton tallarsu a shafin intanet, musamman inda suka yi alkawari kan ingancin malamai, domin irin wannan rubutu cikin dare ɗaya ake goge shi. Saƙonnin waya da na imel ma ka adana su a wani wuri daban.

Ka nemi kwafin fayil ɗin horonka a rubuce. A Amurka, makarantar da ke aiki ƙarƙashin Sashe na 141 na dokokin FAA, hukumar jiragen saman ƙasar, wato makarantar da hukumar ta amince da manhajarta, dole ta ba ɗalibi kwafin bayanansa idan ya nema, kuma shekara ɗaya kacal doka ta wajabta mata ajiye su bayan ka gama ko ka bar ta.

Hattara: kada ka goge, ka gyara ko ka ƙara komai a littafin shawagi, ko da kana ganin kuskure ne ƙarara. Rubutun ƙarya a wannan littafi laifi ne da kan ci lasisin mutum. Kana taɓa shi, an bar maganar malamin an koma kanka.

2. Tabbatar da abin da malamin ke da shi, da ranar da yake da shi

Jin ƙishin-ƙishin a wurin shan shayin ɗalibai ba hujja ba ne. "Bai cancanta ba" magana ce mai faɗi, sai ka tsaya kan takamaiman abin da ya rasa.

A Amurka malami mai izinin koyarwa na matakin farko shi ake kira CFI. Wanda zai koyar da darasin neman izinin tuƙi da na'urori kawai, ba tare da kallon waje ba, sai yana da ƙarin izinin da ake kira CFII. Mai koyarwa a jirgi mai inji biyu sai yana da MEI, kuma sai ya taɓa jan irin wannan samfurin jirgin na awa 5 a matsayin shugaban matuƙa. Doka ta hana malami koyarwa a sama fiye da awa 8 cikin awa 24. Sannan izinin koyarwa yana buƙatar sabuntawa duk wata 24. Daga Disambar 2024 FAA ta daina buga ranar ƙarewa a sababbin katunan malamai, amma sharaɗin wata 24 ɗin yana nan, don haka katin da ba shi da ranar ƙarewa ba ya nufin mai shi yana da izini yau.

A tsarin EASA, hukumar jiragen sama ta Tarayyar Turai, akwai wani tarko daban. Sabon malami yana fara aiki ne da ƙuntataccen izini, ƙarƙashin sa idon babban malami, kuma ba shi da ikon sallamar ɗalibi ya yi tashinsa na farko shi kaɗai, har sai ya cika awa 100 na koyarwa ya kuma sa ido kan tashi 25 na ɗalibai su kaɗai. A Afirka ta Kudu malamai aji uku ne, kuma ɗan aji na uku, wato mafi ƙanƙanta, shi ma ƙarƙashin sa ido yake aiki. Makarantar da malamai suka yi mata ƙaranci takan rufe ido a nan.

FAA tana da rajista a intanet da kowa zai iya sa sunan matuƙi ya ga lasisinsa da izinin da ke kai. A ƙasashe da yawa babu irin wannan, sai dai ka rubuta wa shugaban malamai na makaranta ka nemi a nuna maka, ko ka tambayi hukuma kai tsaye. Kada ka manta da makarantar kanta: tana da takardar amincewar hukuma ta gudanar da wannan kwas ɗin? Na'urar kwaikwayon tuƙi da aka caje ka awoyi a kanta, an amince da ita?

Hattara: rajista tana nuna matsayin mutum na yau ne. Malami zai iya sabunta izininsa jiya, alhali watanni huɗun da kuka yi tare babu shi. Ka koma littafinka ka duba lambar lasisi da kwanan watan da ya riƙa rubutawa kusa da sa hannunsa, ka gwada su da ranakun da kuka tashi.

3. Ware awoyin da suka lalace, ka yi lissafin asara

Ɗauki takarda ka jera kowane tashi: rana, lambar jirgi, tsawon lokaci, sunan malami, abin da aka caje ka. Ka sa alama a duk wanda aka yi da malamin da ake magana a kai cikin lokacin da ba shi da izini. Horon da wanda ba shi da izini ya bayar ba ya shiga lissafin lasisi. A Amurka lasisin farko yana buƙatar aƙalla awa 40 a Sashe na 61, wato horon da ba na makarantar Sashe na 141 ba, ko 35 a Sashe na 141, a Turai kuma 45. Mai jarrabawa zai bi littafinka layi-layi ranar gwaji, kuma idan awoyin ba su cika ba zai sallame ka ba tare da an ko kunna inji ba. Awoyin da ka tashi kai kaɗai bisa izinin wannan malamin su ma ka sa musu alamar tambaya, hukuma ce za ta yanke makomarsu.

Daga nan ka kasa kuɗin kashi uku, don ba ƙarfi ɗaya suke da shi ba.

A ce ka zuba dala 20,000 kafin alƙalami, an cinye 14,000, kuma daga ciki 8,000 sun tafi a darussan da suka lalace. Kashi na farko shi ne 6,000 da suka rage a asusu, waɗanda ba a yi maka aikin komai da su ba. Su ne mafi sauƙin ƙwatowa. Na biyu shi ne 8,000. A nan makaranta za ta ce ai jirgi ya tashi, mai ya ƙone, don haka ladan malami kawai za ta mayar. Amsarka ita ce ba hayar jirgi ka zo yi don yawon buɗe ido ba, horon da zai kai ka ga lasisi ka saya, kuma ba ka samu ba. Na uku shi ne asarar gefe: ƙarin kuɗin haya, tikitin jirgi, sabunta biza, sake rubuta jarrabawa. Wannan ya fi wuya, kuma yarjejeniyoyi da yawa sun toshe shi, amma ka rubuta shi da rasit, yana da amfani a teburin ciniki.

Hattara: jarrabawar rubutu tana da wa'adi. Sakamakon ta FAA wata 24 yake yi. Idan rigima ta ja, ka ci gaba da horo a wani wuri, kada ka zauna jiran hukunci har ta mutu.

4. Karanta yarjejeniya da idon wanda zai kai ƙara

Wurare biyar za ka nema. Me aka ce game da mayar da kuɗi? Me aka yi alkawari kan malamai? Dokar wace ƙasa ko jiha ce ke hukunta yarjejeniyar, kuma a wace kotu? Akwai sharaɗin cewa sai dai a je wurin mai sasantawa mai zaman kansa maimakon kotu? Kwana nawa aka ba ka ka shigar da koke?

Akwai wata dabara da ta kamata ka sani. Makaranta takan sayar da awoyi a dunƙule da rangwame, sai a ɓoye sharaɗin cewa idan ka janye, za a sake lissafa duk awoyin da ka riga ka yi a kan cikakken farashi, a ƙara da kuɗin gudanarwa. Kafin ka farga ragowar kuɗinka ta narke a kan takarda.

Kalmar "ba a mayarwa" kada ta karya maka gwiwa. An rubuta ta ne don ɗalibin da ya canja ra'ayi da kansa. Idan makaranta ce ta fara saɓa alkawari, ko ta yi maka ƙarya kan malamanta don ka biya, a wurare da yawa wannan sharaɗi ba ya kare ta. A Birtaniya, misali, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta wajabta a yi aiki da ƙwarewa da kulawar da ta dace, kuma mai sana'a ba zai iya soke wannan da sharaɗin yarjejeniya ba.

Hattara: kada ka cika fom ɗin janyewa na makaranta kafin lauya ya gani. Sau da yawa a cikinsa akwai layin da ke cewa ka janye bisa son ranka kuma ba ka bin su komai.

5. Rubuta wasiƙar neman haƙƙi

Shafi ɗaya ko biyu sun isa. Ka faɗi ranar da ka shiga da abin da ka biya, sunan malamin, izinin da ya rasa da tsawon lokacin, yawan awoyin da abin ya shafa, adadin kuɗin da kake nema da yadda ka lissafa shi. Ka ba da wa'adi, kwana 14 abu ne da aka saba, ka ce idan ya cika za ka ɗauki matakin shari'a. Ka aika ta imel da kuma hanyar da za a sa hannun karɓa, zuwa ga sunan kamfanin da ke kan yarjejeniya, ba sunan da ke kan allon talla ba. Sukan bambanta, kuma ƙarar da aka shigar da sunan da ba daidai ba kan faɗi tun a ƙofa.

Zagi da dogon labarin yadda ranka ya ɓaci ka bar su a waje. Ka rubuta ta da tunanin cewa alƙali ne zai karanta.

Hattara: kada ka ce "ku biya ni ko in kai ku hukuma." A wasu wurare ana iya fassara wannan a matsayin neman kuɗi da barazana, ya juye maka. Rahoton hukuma dabam, neman kuɗi dabam. Haka kuma ka danne zuciya game da Facebook da sauran kafafe. Kiran mutum ɗan damfara a bainar jama'a kafin hujja ta tabbata yana ba su damar maka ka da ƙarar ɓata suna.

Idan suka kira ka ofis suka yi tayin awoyi kyauta a madadin kuɗi, ka yi tunani. Tayin ba laifi ba ne idan malami ɗaya ne ya ɓata kuma makarantar na tsaye da ƙafafunta. Amma idan jirage na kwance babu gyara, malamai na guduwa saboda albashi, kuɗi a hannu ya fi, ko da an rage. Duk abin da aka cimma a rubuta, da ranar biya, kuma kada ka sa hannu kan yafe sauran haƙƙinka sai kuɗin sun shiga asusunka.

6. Kai rahoto ga hukuma

FAA a Amurka ta ofishinta na yanki da ake kira FSDO, CAA a Birtaniya, SACAA a Afirka ta Kudu, NCAA a Najeriya, kowace ƙasa da tata. Ka ba su gaskiyar abin da ya faru da kwafin shafukan littafinka, kuma ka yi musu tambaya ɗaya a rubuce: awoyin nan suna ƙirguwa ko ba sa ƙirguwa? Amsarsu a rubuce ita ce hujja mafi ƙarfi da za ka riƙe a gaban banki ko alƙali.

Hattara: binciken zai taɓa littafinka kai ma. Idan ka riga ka ci jarrabawa da waɗannan awoyi, ko ka ci gaba da tashi bayan ka san halin da ake ciki, ka ga lauyan da ya san dokar jiragen sama kafin ka aika komai.

7. Gwada hanyar banki da wuri

Idan da kati ka biya, wannan ce hanya mafi arha, kuma wa'adinta ya fi kowanne gajarta. Kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da tsarin janyo kuɗi idan ba a yi aikin da aka biya ba, galibi cikin kwana 120. A Amurka dokar kuskuren lissafin katin bashi kwana 60 ta bayar daga ranar da aka aiko bayanin asusu. A Birtaniya, Sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin bashi alhaki tare da mai sayarwa, kan sayayyar da ta haura fam 100 zuwa 30,000. Wanda ya tura kuɗi daga asusu zuwa asusu ko ya ba da tsaba, wannan ƙofa kusan a rufe take gare shi.

Idan rance ka ci don karatun, kada ka daina biya kawai don kana fushi da makaranta. Ka rubuta wa mai ba da rancen, ka sa ya dakatar da duk kuɗin da bai riga ya tura ba.

8. Kotu, da abin da za ta ci maka

Ƙaramar kotun ƙananan basussuka ita ce ta talaka: kuɗin shigar da ƙara kaɗan, ba dole sai da lauya ba. Sai dai tana da iyaka, fam 10,000 a Ingila, dala 12,500 ga mutum ɗaya a Kalifoniya, wasu jihohin ƙasa da haka. Abin da ya wuce nan sai babbar kotu, inda lissafi ke canjawa. A Amurka yawanci kowa shi ke biyan lauyansa ko ya ci ko ya faɗi, sai in yarjejeniya ko wata doka ta ce akasin haka. A Ingila wanda ya faɗi a babbar shari'a kan ɗauki kaso mai yawa na kuɗin lauyan abokin hamayya. Ka tambayi lauya ƙiyasin kuɗinsa a rubuce tun zaman farko, ka gwada da abin da kake bi.

Malamin da ba shi da izini ba kai kaɗai ya koyar ba. Ku nemi juna, ku haɗa kuɗin lauya ɗaya. Ɗalibai biyar da littattafai biyar masu sa hannu iri ɗaya sun fi ƙarfin a ce musu kuskuren rubutu ne. A Ingila wa'adin ƙarar saɓa yarjejeniya shekara 6 ne, a Amurka kowace jiha da nata.

Hattara: cin shari'a ba shi ne karɓar kuɗi ba. Makarantu da yawa hayar jiragen suke yi, ba nasu ba ne, don haka ka bincika ko kamfanin yana da abin da za a kama kafin ka kashe kuɗin lauya.

9. Idan makarantar ta rushe, ko bizarka na hannunta

A Fabrairun 2008 kamfanin Silver State Helicopters na Amurka ya rufe ƙofa farat ɗaya, ya bar ɗimbin ɗalibai da bashin karatun da aka riga aka tura wa makarantar. A irin wannan hali ɗalibi yana can baya a layin masu bin bashi, bankuna masu jingina suna gaba. Duk da haka ka cika takardar shaidar bin bashi a kotun da ke kula da karyewar kamfanin kafin ranar da aka tsayar, ka kuma bi hanyar kati nan take.

Ɗalibin da ya je daga wata ƙasa yana da ƙarin matsala. A Amurka bizar M-1 ta ɗaliban koyon sana'a a ɗaure take da makarantar da ta ba ka takardar I-20, wato shaidar cewa ta karɓe ka, kuma idan ka daina zuwa za su iya rufe rajistarka. Canja makaranta bayan wata 6 na farko sai da dalilin da ya fi ƙarfinka. Saboda haka ka samu sabuwar makaranta da shawarar lauyan shige da fice kafin ka aika wasiƙar mataki na 5.

Awoyinka masu kyau suna nan a littafinka, ba sa mutuwa. Sai dai idan sabuwar makarantar ta Sashe na 141 ce, abin da za ta karɓa daga tsohon horonka ba zai wuce rabin kwas ba idan daga irinta ka fito, ko kashi ɗaya cikin huɗu idan daga wani tsarin ne, kuma sai ta gwada ka tukuna. A Sashe na 61 babu wannan iyakar, don haka wanda ya yi nisa ya tambayi sabon malaminsa wane tsari ne zai fi rage masa maimaici. A sabon wurin ka biya kaɗan-kaɗan da kati, kuma ka nemi ganin lasisin malami da takardar lafiyarsa kafin darasi na farko.